Ba Aro Ba Ne, Canji Ne: Yadda Muke Koya Wa Yaranmu Lissafin Ɗebewa

 

Yau maganar da na zo da ita ƙarama ce a ido, wato yadda ake koya wa yaranmu 'yan aji ɗaya da aji biyu na firamare lissafin ɗebewa. Na san wani zai ce duk matsalolin da suka sha mana kai a garin nan, a rasa abin tattaunawa sai biyar a ɗebe uku? To a yi mini haƙuri a bi ni a hankali. Ni ba malami ba ne, karatuna na boko iyakarsa sakandare, amma a gaban ciniki na tashi, kuma ina da ƙanne da nake duba littattafansu. Ra'ayina shi ne: yaron Bahaushe yana zuwa makaranta da rabin wannan darasi a kansa, ya samo shi daga bakin uwarsa da kuma gaban teburin ubansa, amma yadda ake koyar da shi sai ya sa yaron ya ajiye abin da ya sani a ƙofar aji, ya shiga ya kama haddar abin da bai gane ba.

Kafin in shiga ciki, bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Kakanninmu haƙar kuza da fatauci ne suka kawo su ƙasar nan, kuma har gobe yawancinmu da saye da sayarwa muke ci da iyali, daga kayan gwari a Farin Gada, zuwa hatsi da gwanjo a Katako, zuwa kayan gyaran mota a Dilimi. Kowa ya san taƙaddamar takardar shaidar zama ɗan ƙasa a Jos ta Arewa, da yadda take tsaya wa matasanmu a wuya wajen neman aikin gwamnati ko tallafin karatu. Manyanmu kuma ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 ba, inda mutane da yawa suka kwana da jari suka wayi gari babu ko sisi. Mutumin da ke zaune a irin wannan hali, abin da zai bar wa ɗansa wanda wuta ba ta ci kuma ba ya neman sa hannun kowa, shi ne abin da ke cikin kai. Kuma lissafi ƙofa ce. Duk yaron da ke son karanta likitanci ko injiniya ko aikin akanta a Jami'ar Jos ko wata jami'a, sai ya kawo kiredit a lissafi. Da yawa daga cikin abokaina da suka tsani lissafi a sakandare, in ka bi diddigi, tun daga ɗebewa aka baro su a hanya.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar 'yan aji ɗaya da safe ya san muryar. Malami ya rubuta a allo, yara su ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi: "faif tek awe tiri, tu!" A sake, su sake. Ka kira ɗaya daga cikinsu gefe ka tambaye shi mene ne "tek awe", sai ya tsaya yana kallon ka. Amma wannan yaron, ka ba shi alawa biyar ka fizge uku, wallahi ba zai jira ka tambaye shi ba, da kuka zai gaya maka saura biyu. Ashe ke nan ba lissafin ne bai sani ba, ba a haɗa masa abin da ke allo da abin da ke hannunsa ba ne.

Ni ban ce kuskure ne a fara da ɗaukewa ba. A gaskiya ma nan ne ya kamata a fara, domin shi ne abin da yaro ke gani tun yana rarrafe: ƙosai ya ragu a kwano, kaza ta ɓace a cikin kaji, an ci masa 'ya'ya a wasan dara. Amma a yi shi da hannu. A zube masa marfin kwalba bakwai, ko ƙwallon dabino, ko tsinken tsintsiya, a ce ya ƙirga, ya ɗauke uku da kansa ya ajiye gefe, ya ƙirga saura. Ya yi haka sau da yawa da abubuwa iri-iri, yana faɗa da bakinsa, sannan a nuna masa cewa wannan ɗan layi da ake ja tsakanin 7 da 3 gajeriyar hanyar rubuta abin da hannunsa ya gama yi ce. Hannu a gaba, baki na biye, alli a ƙarshe. Mu kuma mun juya abin, mun fara da alli.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne harshenmu kansa cike yake da ɗebewa, amma ba ma kula. Tsohuwa ba ta cewa goma sha tara, cewa take ashirin ba ɗaya. Talatin ba biyu, ɗari ba biyar, dubu ba hamsin. Dattawa ma har gaira suke cewa, arba'in gaira ɗaya. In ka tambayi lokaci a ce maka ƙarfe uku saura kwata, ko azahar saura minti goma. Saura kwana shida salla. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan magana ya riga ya san cewa ana iya tsayawa a kan cikakken adadi a koma da baya. Wannan jari ne babba da aka ba shi kyauta. Malamin da ya rubuta 20 – 1 a allo ya ce wa yara "wannan shi ne ashirin ba ɗayan da kakarku ke faɗa", ya gama rabin aikinsa na ranar.

Sai dai inda matsala take, shi ne a tsaya a kan ɗaukewa kaɗai kamar ita ce duka labarin. In ka lura da yadda muke amfani da ɗebewa a rayuwa, tambayoyi uku ne daban-daban. Ta farko ita ce "saura nawa?": ina da lemo takwas, an sha biyar. Ta biyu ita ce "ciko nawa?": takalmi naira dubu takwas ne, ina da dubu biyar, nawa zan cika? Ta uku ita ce "da nawa ya fi?": yaya shekararsa takwas, ƙani shekararsa biyar, tsiran shekara nawa ke tsakaninsu? Duka ukun amsarsu uku ce, duka ukun 8 – 5 ake rubutawa, amma a ta biyu da ta uku babu wanda ya ɗauke wa wani komai. Yaron da aka koya masa cewa ɗebewa tana nufin a ɗauke kawai, in ya gamu da tambayar shekarun yaya da ƙani a jarrabawa sai ya rikice, ya duba ya ga ba a cinye komai ba, ba a sace komai ba, sai ya tara su ya rubuta 13. A yi masa jan biro a ce daƙiƙi ne, alhali fuska ɗaya aka nuna masa cikin uku.

Mu koma kasuwa mu ga yadda iyayenmu ke yi. Ka sayi kayan miya na naira 650, ka miƙa dubu. Mahaifina ba ya ɗaukar biro, kuma ba ya cire 650 daga 1000 a zuciyarsa. Daga kuɗin kayan yake tashi ya hau sama, yana ajiye maka a tafin hannu yana faɗa: ga hamsin, ɗari bakwai ke nan, ga ɗari, takwas, ga ɗari biyu, dubu cif. Canjinka 350, kuma kai da shi kun ƙirga tare, babu gardama. Yanzu ka ba ɗan aji uku wannan lissafin a takarda, 1000 a sama 650 a ƙasa, ka ga yadda zai yi ta gumi a kan sifiri uku da ke jere, yana soke wannan yana rubuta tara a kan wancan. Ko ka ɗauki 61 – 58. Wanda ya san ɗaukewa kaɗai zai ja ƙananan layuka sittin da ɗaya a bayan littafi, ya soke hamsin da takwas ɗaya bayan ɗaya, wataƙila ma ya yi kuskuren ƙirga a hanya. Wanda ya san ciko kuwa zai ce hamsin da tara, sittin, sittin da ɗaya: uku. Yaro yana bukatar hanyoyin biyu, ya kuma san lokacin da kowacce ta fi sauƙi.

Sai babbar magana, wadda na ɗauko kan rubutun nan daga gare ta, wato "boro wan". Idan aka kai ga lissafi irin 52 – 37, abin da ake rera wa yara shi ne: biyu a cire bakwai ba ya yiwuwa, ka aro ɗaya daga maƙwabci. Jama'a, mu tsaya mu yi tunani irin na yaro. Wane irin aro ne wannan da ba a mayarwa? A gida an koya masa cewa in ya aro abu sai ya mayar. Kuma ɗaya aka ce ya aro, yaya aka yi biyu da ɗaya suka zama sha biyu maimakon uku? Tun da babu mai ba shi amsa, sai ya ƙirƙiro tasa dokar: duk inda ya ga lamba biyu a tsaye, ya cire ƙarama daga babba. Bakwai a cire biyu, biyar. Biyar a cire uku, biyu. Ya rubuta 25, alhali amsar 15 ce. Ku duba littafin yaranku a daren nan, da wuya ba ku ga irin wannan ba. Kuma ba wauta ba ce, yaron tunani ya yi, dokar da ya kama ce ba daidai ba. Bulala ba ta gyara wannan.

A kasuwa ba aro ake yi ba, canji ake yi. In kana da 'yar ɗari biyar za ka ba mutum ɗari biyu, ba ka cewa ba ya yiwuwa, sai ka leƙa wajen maƙwabcinka ya farfasa maka ita zuwa ɗari-ɗari guda biyar. Kuɗinka ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kamarsu ce kawai ta sauya. To haka 52 take. Ka samo tsinken tsintsiya, ka ɗaure su goma-goma da zare. Hamsin da biyu ita ce ɗauri biyar da tsinke biyu. Ka ce wa yaro ya ba ka talatin da bakwai. Zai duba ya ga sakakkun ba su kai bakwai ba, kuma in ka yi shiru ka ƙyale shi, da kansa zai kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya. Yanzu yana da ɗauri huɗu da tsinke sha biyu. Ya ba ka bakwai, saura biyar. Ya ba ka ɗauri uku, saura ɗaya. Sha biyar. Ranar da ya koma takarda ya soke 5 ya rubuta 4, ya sa ɗan ƙaramin 1 a gefen 2, ya san ɗaurin da ya kwance ne yake rubutawa. Daga nan ka koya masa ɗabi'ar ɗan kasuwa ta sake ƙirga canji: ya haɗa 15 da 37, in sun ba shi 52 ya yi daidai, ba sai ya jira malami ya gaya masa ba.

Kakanninmu sun yi wanda ya fi wannan wuya. Kafin a kawo naira a Janairun 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai karɓi fam guda, ya cire sule 13 da sisi, ya mayar da sule 6 da sisi ba tare da ya yi jim ba, domin ya san in aka fasa sule kwabo sha biyu ne ke fitowa. Jikansu ne yau ake cewa fasa goma ya gagare shi? Kuma ba mu kaɗai muka gano haka ba. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Liping Ma ta fitar da littafi a 1999 inda ta kwatanta malaman firamare na Sin da na Amurka. Daga abin da ta nuna akwai cewa yawancin malaman Amurka da ta tattauna da su aro suke cewa, alhali da yawa daga na Sin suna bayyana abin ne a matsayin warware goma guda zuwa ɗaya-ɗaya. Wato abin da mai tumatir a Farin Gada ke kira canji.

Akwai kuma wata illa a cikin cewa "ba ya yiwuwa". Shekara biyar ko shida bayan nan, yaron zai shiga ƙaramar sakandare a ce masa 3 – 5 yana yiwuwa, amsar ita ce biyu mai alamar ragi a gaba. Sai ya rasa wa zai gaskata, malamin jiya ko na yau. Alhali kowane ɗan kasuwa ya san amsar: kana da ɗari uku ka ɗauki kayan ɗari biyar, ana bin ka ɗari biyu. Sunansa bashi. Ba sai an koya wa ɗan shekara shida wannan ba, amma kada a gaya masa abin da za a zo a ƙaryata gobe. A ce masa "waɗannan ba su isa ba, me za mu yi?" ya wadatar.

Kada kuma wani ya fahimce ni a kan cewa kasuwa ta isa, makaranta ba ta da amfani. A 1985 wata mai bincike, Terezinha Nunes, da abokan aikinta biyu sun buga abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Barazil. Sun je wajen wasu yara biyar masu sayar da kwakwa da makamantanta a titi, suka yi ciniki da su kamar masu saye. Yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin. Da aka ba su irin lissafin nan a takarda, lambobi zalla, sai suka ci kusan kashi 37 kacal. A 2025 ma an buga wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka yi tare da wasu a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya. Yaran kasuwa sun ƙware a ciniki amma sun kasa a takarda, 'yan makarantar da ba sa ciniki kuma sun iya takarda amma lissafin kasuwa ya kayar da su. Darasin a nan shi ne ilimin ɗaya ba ya tsallakawa zuwa ɗayan da kansa, sai an gina masa gada. Lissafin ka yana da iyaka, ba zai kai yaro ga aljabara ba. Na takarda kuma in babu fahimta, hadda ce da ke zubewa bayan jarrabawa. Don haka ba ina kira a cire yara daga aji a ɗora musu talla ba ne, musamman 'yan mata da muka riga muka cuta da yawa ta wannan hanya. Kasuwar nake so a kawo cikin aji da tsakar gida.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. A Jos, musamman ɓangarenmu na Gada Biyu, aji ɗaya za ka samu ɗan Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Bayarabe da Bahaushe, ga yawan yara, ga ƙarancin albashi, ga jarrabawa da Turanci ake yin ta. Ita ma gwamnatin tarayya ta yi ta kai da komo: a Nuwamban 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin aka koma Turanci. Wannan kuwa duk da cewa tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Amma ko da Turanci za a yi, marfin kwalba ba shi da yare. Tsinke ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kuma babu dokar da ta hana malami ya ce "saura nawa?" sau ɗaya kafin ya faɗa da Turanci, a garin da kusan kowane yaro yake jin Hausar kasuwa, wadda Kanawa ke mana dariya a kanta.

Abin da ya ƙara sa ni damuwa shi ne makarantar kasuwar ma tana rufewa a hankali. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS. Naira biyar da naira goma, waɗanda da su muka koyi canji wajen sayen alawa, yau da wuya su saya maka wani abu. Yaron da aka aika shago yanzu sau da yawa ba ya riƙe kuɗi, cewa ake ya karɓo kayan an riga an tura. Abin da mu muka tsinta a hanya ba tare da an zaunar da mu ba, ƙannenmu sai an koya musu da gangan. Kuma wanda bai iya ɗebewa a ka ba, ko na'ura ce a hannunsa ana iya cutarsa, domin ba zai ji a jikinsa cewa abin da ta nuna ba daidai ba ne.

Saboda haka ga roƙona. Iyaye mata, ku ne malaman farko, kuma ba sai kun yi boko ba. In kina soya ƙosai ko awara, ki sa yaro ya ƙirga, a ci, ki tambaye shi saura. In kina raba nama, ki tambaye shi na wa ya fi kuma da nawa. Iyaye maza, ranar Asabar in yaro ya zo shago, a bar shi ya ba da canji sau biyu ko uku kuna kallo, ya faɗa da ƙarfi yadda kuke yi. Mu yayye da muka ɗan taɓa karatu, minti goma bayan magariba da tsintsiyar da ta tsufa ya isa. In yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, kafin a ɗaga hannu a ce masa "nuna mini yadda ka yi", a nan ne za a ga inda ya karkace. Masu makarantun kuɗi da ke unguwanninmu kuma, tun da kuɗinmu kuke karɓa, ku sa kowane yaro ya zo da marfin kwalba ashirin a leda, ku daina auna ƙoƙarin malami da ƙarfin muryar ajinsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya gane dalilin da ya sa 52 a ɗebe 37 ya zama 15, ya koyi cewa lissafi abu ne da ake ganewa, kuma da wannan zuciyar zai tunkari duk abin da ke gaba. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya. Sai wani jiƙon.

Naku, daga Gada Biyu, Jos.